Yadda Ake Rubuta Littafin Matasa a Kan Rashi da Zaɓi Mai Wuya

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga masu koyon rubutu ita ce yadda za su gina littafi sukutum a kan matashin da aka yi wa rasuwa ba tare da labarin ya zama kuka daga bango zuwa bango ba. Da yawansu sun fara da zafinsu, sun rubuta babin mutuwar har su da kansu suka yi hawaye, amma da suka kai babi na huɗu ko na biyar sai alƙalami ya cije, domin babu abin da ya rage sai nanata cewa tauraron yana cikin baƙin ciki. Dalilin cijewar kusan kullum ɗaya ne. Rashi yanayi ne da mutum ke zaune a cikinsa, kuma yanayi shi kaɗai ba ya tura labari gaba. Abin da ke tura shi shi ne shawarar da mutuwar ta ɗora wa matashin a ka, wadda ba shi da halin kauce mata. A kan wannan na jera matakan da ke tafe, kuma zai fi kyau a bi su yadda suka zo, musamman ukun farko.

Mataki na 1: Tsayar da shekarun tauraro da girman littafi

Littafin matasa ana rubuta shi ne domin masu shekara 12 zuwa 18, ko da yake manya da yawa suna karantawa, kuma tauraronsa yakan kasance tsakanin shekara 14 da 18. Yara sun fi son karanta labarin wanda ya ɗan girme su, saboda haka idan 'yan shekara 14 kake nufi, ka ba tauraronka 16. A kasuwar littattafan Ingilishi irin wannan labari yakan kai kalmomi 50,000 zuwa 80,000, wato shafi 200 zuwa 320 idan aka lissafa kalma 250 a kowane shafi na daftari. Ga mai farawa, kalmomi 60,000 a babi 30 masu kalma 2,000 kowanne ma'auni ne mai sauƙin riƙewa.

Gargaɗi: kada ka bar shekarun a buɗe da nufin za ka tsayar daga baya. Ɗan shekara 17 yana iya yin tafiya shi kaɗai, ya nemi kuɗi, ya tsaya gaban hukuma ya ba da shaida a saurare shi, alhali ɗan shekara 13 sai abin da manya suka yarje masa. Irin zaɓin da za ka iya ɗora wa tauraronka ya dogara ne kacokan a kan wannan.

Mataki na 2: Rayar da mamacin a takarda

Kafin ka rubuta layin farko na littafin, ka ɗauki shafi 2 ko 3 ka rubuta mamacin yana raye: yadda yake dariya, abin da yake yi da ke ƙular da mutane, bashin da ake binsa, alkawarin da ya karya, kalmar da ba ta fita daga bakinsa. Yawancin wannan ba zai shiga littafin ba, amma daga nan ne za ka riƙa tsinto ƙananan abubuwan da za su riƙa faɗo wa tauraron a rai. Sannan ka rubuta haɗuwarsu ta ƙarshe dalla-dalla, kuma ya fi kyau ta kasance haɗuwa ce ta yau da kullum, ko ma wadda aka rabu da ɓacin rai a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ka kuma tsayar da yadda mutuwar ta zo, domin kowace iri da nauyin da take bari. Doguwar jinya takan bar gajiya, da wani sauƙi da mai jinyar kan ji bayan an gama, wanda yake jin kunyar faɗa wa kowa. Mutuwar farat ɗaya kuwa takan bar tambayoyi da «da na sani».

Gargaɗi: kada ka mai da mamacin waliyyi. Mai karatu ba ya kewar mutumin da ba shi da aibi, domin bai taɓa sanin irinsa ba.

Mataki na 3: Ƙulla zaɓin

A nan ne littafin yake tsayuwa ko ya faɗi, saboda haka ka ba shi makonni idan ya buƙata. Zaɓi tsakanin alheri da mugunta ba zaɓi ba ne a idon mai karatu, tun da ya san amsar kafin tauraron ya buɗe baki. Abin da ake nema shi ne haƙƙoƙi biyu da suka ci karo, kowanne da mai shi, ta yadda duk wanda aka sauke sai an danne ɗayan.

Ga misali da na ƙaga domin wannan bayani. Yarinya ce 'yar shekara 16, yayanta ya rasu a haɗarin mota wanda ya raunata wani mai tafiya a ƙasa. Kowa ya ɗauka yayan ne ke tuƙi, kuma sunansa ne ya ɓaci. Bayan makonni sai ta kunna wayarsa, ta tarar da wani ɗan bidiyo da ke nuna amininsa ne a bayan sitiyari mintuna kaɗan kafin haɗarin. Wannan aminin kuwa shi ne yanzu yake zuwa kullum yana zama da mahaifiyarsu, shi kaɗai ne take yarda ta yi magana da shi tun ranar da aka yi rashin. Idan yarinyar ta faɗi gaskiya ta wanke sunan yayanta, wanda aka raunata ya san wanda zai bi haƙƙinsa, amma ta jefa yaron hannun hukuma kuma ta ƙwace wa mahaifiyarta igiyar da take riƙe da ita. Idan ta yi shiru, gida ya zauna lafiya a kan ƙarya, kuma mamacin da ba shi da bakin kare kansa ya ci gaba da ɗaukar laifin wani.

Har yanzu da saura, domin a wannan siga yarinyar alƙali ce kawai, hannunta tsaf. Sai a ƙara mata nata kason: ita ce ta yi ta kiransu a waya a daren tana matsa musu su zo su ɗauke ta daga wurin da aka hana ta zuwa, kuma duk wanda ya buɗe wayar zai ga jerin kiran nata. Yanzu gaskiyar da za ta wanke yayanta ita ce za ta tona ta. Gaba kura, baya siyaki.

Ka gwada naka ƙullin da tambayoyi uku. Shin mutane biyu masu hankali da tausayi za su iya saɓawa a kan abin da ya kamata a yi? Shin tauraron zai yi asarar wani abu na kansa ko wace hanya ya bi? Shin akwai abin da zai hana shi ɗage shawarar har abada? Tambaya ta ukun ita ce aka fi mantawa, kuma maganinta wa'adi ne: ranar zaman kotu, ranar da aminin zai bar gari, ranar da kamfanin inshora zai rufe bincike.

Gargaɗi: idan magana ta gaskiya ta minti 5 da wani babba za ta warware matsalar, to ƙullin bai ƙullu ba. Dole ne ka ba da dalili mai ƙarfi da zai sa matashin ya kasa kai ƙara wurin manya, kuma dalilin da ya fi gamsarwa shi ne su ma manyan rashin ya durƙusar da su.

Mataki na 4: Binciken yadda juyayi yake tafiya

Kuskuren da na fi gani shi ne raba littafin gida biyar bisa matakan da likitar ƙwaƙwalwa Elisabeth Kübler-Ross ta bayyana a 1969, wato musantawa, fushi, ciniki, ƙunci, da amincewa. Ta samo su ne daga hirarrakinta da marasa lafiya da ke fuskantar mutuwar kansu, daga baya ne jama'a suka ɗora su a kan waɗanda aka yi wa rashi. Tauraron da ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai hawa tsani yakan fito kamar darasin aji.

Abin da ya fi amfani ga marubuci shi ne bayanin da Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht da ke Holan suka buga a 1999, cewa mai juyayi yana kai-komo ne tsakanin fuskantar rashin da kuma shagaltuwa da harkokin rayuwa. Da safe yana rungume da rigar mamacin, da rana yana ƙyaƙyata dariya da abokai, da daddare yana jin haushin kansa don ya yi dariyar. Wannan kai-komo shi ne zai ba ka hawa da sauka a babi-babi, kuma shi ne zai ba ka izinin saka raha da soyayya da gasar makaranta a littafin mutuwa. Akwai kuma ra'ayin ɗorewar alaƙa da Dennis Klass da abokan aikinsa suka fito da shi a 1996, wanda ke cewa warkewa ba ta buƙatar a yanke hulɗa da mamaci a zuci. Yarinyar misalinmu tana iya ci gaba da tura wa lambar yayanta saƙo har ƙarshen littafin ba tare da an nuna ta a matsayin wadda ta zautu ba.

Idan kana son taurarinka su kai ga neman taimakon likita, ka san cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka matsanancin juyayi mai tsawo a kundinta na cututtuka karo na 11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, kuma ana maganarsa ne idan abin ya ɗauki aƙalla wata 6 yana hana mutum gudanar da rayuwarsa. Juyayin makonnin farko, komai tsananinsa, ba cuta ba ne.

Bayan karatu, ka zauna da mutum 2 ko 3 da suka yi rashi suna matasa, da izininsu, ka tambaye su ƙananan abubuwa: me suka yi a daren farko, wace magana ta masu jaje ta fi ɓata musu rai, yaushe suka koma makaranta, wa ya daina kula su don bai san abin da zai ce ba.

Gargaɗi: idan mamacinka kashe kansa ya yi, ka nemi jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 domin masu shirya fina-finai da wasan kwaikwayo, ka yi aiki da ita. Kada ka bayyana hanyar da ya bi, kada ka ɗora abin a kan dalili guda ɗaya, kada ka nuna shi a matsayin ramuwar gayya da ta yi nasara, kuma ka nuna wani a labarin da ya shiga irin wannan ƙunci ya nemi taimako ya samu. Masu karatunka yara ne, kuma bincike ya daɗe da nuna cewa ana kwaikwayon irin wannan abu.

Mataki na 5: Zaɓen murya da shimfiɗa babi-babi

Mafi yawan littattafan matasa tauraron ne ke ba da labarinsa da bakinsa, kuma ga wannan jigo hakan ya fi dacewa, domin mai karatu zai ji yadda yake yi wa kansa ƙarya. Ka rubuta shafi ɗaya sau biyu, sau ɗaya da «na», sau ɗaya da «ta» ko «ya», ka karanta da ƙarfi, ka ɗauki wanda ya fi zama a kunne.

Sannan ka shimfiɗa babobin a takarda, layi 2 ga kowanne. A littafi mai babi 30, mutuwar ta auku a babi 3 na farko, ko kuma a buɗe labarin bayan ta riga ta auku. Sirrin da ya haifar da zaɓin ya bayyana wajen babi na 6 zuwa na 8. Daga nan zuwa babi na 15 tauraron yana gujewa, yana gwada hanyoyin tsakiya da ba sa ɓullewa. A tsakiyar littafin wani abu ya ƙara tsadar shirun ko tsadar maganar, misali yarinyar ta haɗu da wanda aka raunata ido da ido. Shawarar ta faɗo wajen babi na 24 zuwa na 26, ragowar kuma na sakamako ne.

Gargaɗi: tunanin baya yana da daɗin rubutawa, shi ya sa yake cinye littafi. Duk lokacin da za ka koma baya, ka tabbata wani abu na yanzu ne ya tayar da tunanin, kuma abin da aka tuno ya sauya yadda tauraron ke kallon zaɓinsa. Wanda bai cika waɗannan biyun ba, a cire shi.

Mataki na 6: Rubuta daftarin farko

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin littafin rubutu na aljihu, da manhajar rubutu irin su Microsoft Word ko Google Docs, wadda ta biyun kyauta ce kuma tana ajiye aiki a intanet. Scrivener na kuɗi ne, yana sauƙaƙa jujjuya babobi, amma ba dole ba ne. Ka ajiye kwafi a wuri biyu duk mako. Kalma 500 a rana za ta kai ka 60,000 a kwana 120, kuma wannan wata huɗun shi ne kuɗi mafi tsada da za ka biya.

Wajen nuna baƙin ciki, ka dogara da abubuwa da ayyuka fiye da sunayen ji. Maimakon ka ce ta yi kewarsa, ka nuna ta tana cajin wayarsa kowane dare don kada ta mutu. Hawaye kuma a yi tsimin su, domin idan tauraruwa tana kuka a kowane babi, mai karatu zai bar mata kukan ita kaɗai. A hirar matasa ka guji kalmomin yayi da za su tsufa kafin littafin ya fito. Gajerun jimloli, da kauce wa tambaya, da sauya zance sun fi nuna ƙuruciya.

Gargaɗi: idan rashin da kake rubutawa ya yi kama da naka, ka tsayar da lokacin tashi daga rubutu kuma ka sami wanda za ka yi magana da shi. Ka kuma sauya abubuwan da za su sa a gane mutanen gaske, tun da ba kai kaɗai aka yi wa rashin ba.

Mataki na 7: Babin yanke shawara da abin da ya biyo baya

Shawarar dole ta fito daga hannun tauraron, a gaban idon mai karatu, a fage guda da ba a taƙaita ba. Jarabar da ke kama marubuta a nan ita ce tausayi: sai aminin ya je ya tona kansa, ko wayar ta faɗa hannun ɗan sanda, ko wani dattijo ya zo da jawabin da ya warware komai. Duk waɗannan sata ce, domin an sa mai karatu ya bi yarinyar shafi 200 don ya ga abin da za ta yi, sannan aka ɗauke mata aikin.

Ko wace hanya ta bi, ka sa ta biya. Idan ta faɗi gaskiya, mahaifiyarta tana iya ɗaukar watanni ba ta haɗa ido da ita ba. Idan ta yi shiru, za ta zauna kusa da yaron a duk ranar tunawa da yayanta tana sane. Ni dai na fi karkata ga ƙarshen da tauraron ya zaɓi gaskiya da wata 'yar tangarɗa, wato ya faɗa a makare, ko ya fara faɗa wa wanda bai kamata ba, domin haka mutane suke yi. Amma wannan ra'ayina ne, kuma ɗayar hanyar ma tana ɓullewa idan aka nuna nauyinta.

Gargaɗi: kada ka rufe da wa'azi. Matasa suna jin ƙanshinsa tun daga nesa, kuma da zarar sun ji marubuci ya hau mumbari sai su rufe littafin. Ka bar musu haske a ƙarshe, ko da ɗan kaɗan ne, amma kada ka ce ciwon ya warke.

Mataki na 8: Gyara da masu karatun gwaji

Ka ajiye daftarin mako 4 zuwa 6 ba ka duba ba. Gyaran farko na gini ne: ka karanta shi a zama biyu ko uku, kana yi wa duk babin da zaɓin bai motsa a cikinsa alama. Gyara na biyu na fage-fage ne, na uku na jimloli, na ƙarshe na ƙa'idar rubutu. Wanda ya fara da goge jimloli yakan ɓata mako a kan babin da zai jefar.

Bayan gyara na biyu ka ba mutum 4 ko 5 su karanta, a cikinsu a sami matasa 2, da izinin iyayensu idan ba su kai 18 ba, da mutum ɗaya da ya taɓa yin irin wannan rashi. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi. Ka tambaye su a wane shafi suka ajiye littafin, da kuma abin da za su yi da su ne a matsayin tauraron. Idan duka suka ba da amsa iri ɗaya ba tare da jinkiri ba, ka koma mataki na 3.

Kuɗin da ake kashewa a nan na edita ne. Editan gini ya fi tsada, sai mai gyaran jimla, sai mai duba kurakuran bugu, kuma yawanci da adadin kalmomi suke lissafi. Ka nemi ya gyara maka shafi 5 na gwaji kafin ku ƙulla yarjejeniya a rubuce.

Mataki na 9: Fitar da littafin

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce miƙa wa kamfanin wallafa, wanda shi zai ɗauki kuɗin edita da bango da bugu, ya riƙa ba ka kaso daga ciniki. Ana tura daftari da haruffa masu girman 12, da tazara biyu tsakanin layuka, tare da taƙaitaccen labarin a shafi ɗaya ko biyu wanda ya bayyana har ƙarshensa. A Amurka da Ingila manyan kamfanoni sun fi karɓa ta hannun wakilin marubuta, wanda kasonsa yakan kasance kashi 15 cikin 100 na abin da marubucin ya samu.

Ta biyu ita ce ka wallafa da kanka, ka biya edita da mai zanen bango da mai tsara shafi. Dandalin Amazon na masu wallafa kansu ba ya karɓar kuɗin shiga, kuma yana ba da kashi 35 ko 70 cikin 100 a littafin lantarki gwargwadon farashin da ka sa, amma ka fara duba ko yana karɓar harshen da ka yi rubutu da shi. Littafin takarda da za a sayar a shaguna yana buƙatar lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta ƙasa da ƙasa, mai alƙaluma 13 tun 2007, kuma kowane nau'in bugu da tasa lambar. Haƙƙin mallaka kuwa, a ƙasashen da suka sa hannu a Yarjejeniyar Bern, naka ne tun daga lokacin da ka rubuta, ba sai ka yi rajista ba.

Gargaɗi: duk kamfanin da ya kira kansa mawallafi sannan ya nemi ka biya shi kafin ya buga, kuma ya nemi haƙƙin littafin a kan haka, ka karanta takardarsa sau biyu tare da wanda ya san doka. A bayan bango kuma ka rubuta shekarun da littafin ya dace da su, ka ambaci cewa akwai mutuwa a ciki, kuma idan ya taɓo batun mutum ya kashe kansa, ka saka a shafin ƙarshe lambar wata cibiyar taimako da ke aiki a ƙasar da za a sayar da shi, bayan ka kira ta da kanka ka tabbatar ana ɗauka.